Yadda Ake Shirya Gayyar Shekara a Ƙauye Ranar 5 ga Disamba

Ranar 5 ga Disamba ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta ware domin tunawa da masu aikin sa-kai da kuma karrama su. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya amince da ita a watan Disamba na 1985. Akwai 'yar'uwarta, ranar bayar da taimako ta duniya, wadda ake yi 5 ga Satumba, ita kuma a 2012 aka amince da ita. A ƙauyukan Kano da Jigawa ba sai an koya wa kowa abin da ranakun nan ke nufi ba, domin gayya ta girme su nesa ba kusa ba. Abin da ranar take ƙara mana shi ne ajiyayyen lokaci, wanda gari zai san yana zuwa kowace shekara, ya yi masa tanadi.

Cikin biyun, ta Disamba ce ta dace da mu. A farkon Satumba ruwa bai ɗauke ba, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai gama shigowa ba, garuruwan bakin kogin Haɗeja irin su Auyo da Ringim kuwa wata shekarar da ambaliya suke fama. A farkon Disamba kuwa gero da wake sun shiga rumbu, dawa ana kan yanka ko an gama, hanya ta bushe, samari kuma ba su gama watsewa ci-rani ba. Akwai hannu, akwai hatsi.

Wajen shela ku kiyaye kalma ɗaya. A yau idan aka ce "'yan sa-kai" a Arewa, tunanin mutane da yawa kan masu tsaron gari yake tafiya. Ku ce gayya, ko aikin gayya na shekara, kowa zai gane ya ɗauko sheburinsa.

Mako shida kafin ranar

Daga ƙofar mai gari ake farawa. Mutum uku ko huɗu masu mutunci a idon jama'a su je wurin mai unguwa, shi ya raka su wurin dagaci. Ba da dogon jawabi ake zuwa ba: "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka. Muna so gari ya fito gayya ranar kaza, a gyara abu kaza." In aikin zai taɓa hanyar da ta haɗa garuruwa biyu, ko makarantar gwamnati, dagaci ne zai sanar da hakimi, ku kuma ku kai takarda sakatariyar ƙaramar hukuma. Daga nan sai liman, domin sanarwar da aka yi bayan sallar Juma'a sau biyu a jere ta fi kowace shela isa gida-gida. Kada a manta da arɗo idan akwai ruga a kusa. Su ma hanyar suke bi, rijiyar suke sha, kuma rashin gayyata yana barin tabo.

Kwamiti kada ya wuce mutum bakwai zuwa tara. A ciki lallai a sami sarkin noma ko wakilinsa, shugaban samari, magini ko kafinta ɗaya, malamin makaranta da zai riƙe rubutu, da mata biyu aƙalla, waɗanda ake shiga gidaje da su, kamar malamar Islamiyya da ungozoma. Idan babu mata a kwamitin, jerin mabukata zai fito a karkace, domin su ne suka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.

Sai ranar kanta. Ba wajibi ba ne ta faɗa daidai 5 ga wata. Idan ta zo ranar Juma'a, ko ranar kasuwar da garinku ke ci, ku matsa da ita kwana ɗaya ko biyu. Garin da ke cin kasuwar Maigatari ba zai sa gayya ranar Alhamis ba, haka na kusa da Gujungu ko Dambatta ranar Lahadi, haka na kusa da Wudil ranar Juma'a. A yankin noman rani, irin su Kura da Kadawa da fadamar Haɗeja, lokacin ne ake tsaka da ban-ruwan alkama da dashen tumatur da albasa, don haka ku tambayi masu lambu ranar da ta fi yi musu sauƙi tun kafin a yi shela.

Aiki ɗaya, a gama shi

A nan gayya da yawa ke lalacewa. Za a zauna, wannan ya ce maƙabarta, wancan ya ce hanya, wani ya ce rufin aji uku, don kada ran kowa ya ɓaci sai a ɗauka duka. Ranar aiki a raba mutum tamanin gida uku, azahar ta yi ba inda aka kai rabi, baɗi kuma idan aka yi kira sai mutum ashirin su fito. Ku zaɓi babban aiki ɗaya wanda za a gama tsakanin hantsi da azahar, ido ya gan shi a gama. In hannu ya yi yawa, a ƙara ƙaramin aiki ɗaya na yara da dattawa, kamar sharar harabar asibiti ko masallaci.

Akwai ayyukan da ba na Disamba ba ne, ko da kuwa suna da kyau. Dashen itatuwa sai ruwa ya zauna, wajen Yuli. Wanda aka dasa cikin hunturu, in ba a sami mai ba shi ruwa kullum har damina ba, awaki da iska ne za su raba shi. Yasar rijiya kuma aikin bazara ne, lokacin da ruwa ya ja ƙasa. Abin da za a yi wa rijiya yanzu shi ne ɗaga bakinta, yi mata murfi, da daɓe kewayenta da siminti. Idan dole ta sa wani zai shiga ciki, a fara zura fitila a kunne har kusa da ruwa. In ta mutu, iskar ciki ba ta numfashi ba ce, ba mai shiga. Kuma har abada kada a saukar da injin ban-ruwa mai fetur cikin rijiya alhali da mutum a ciki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

Idan hanya aka zaɓa

Mako guda kafin ranar, mutum biyu su taka hanyar da ƙafa, su ƙirga ramuka, su kafa tsinke a kowane wurin da ruwa ya yanka. Da wannan ƙidayar za a san yawan burjin da ake bukata. A kawo burjin kwana biyu kafin aiki, a jibge shi tsibi-tsibi kusa da wuraren gyara. In aka bari sai ranar, rabin gari zai zauna a inuwa yana jiran tifa.

Kayan aiki ga kowane rukuni na mutum goma: diga biyu, shebur huɗu, kwanon sarki huɗu, baro ɗaya, manjagara ɗaya, da madaɓi biyu masu nauyi, ko guntun kututture da aka yi wa mariƙi. Sai amalanke ɗaya da duro biyu na ruwa yana zagaya rukunai. Ruwan nan shi mutane suka fi mantawa, kuma shi ne rabin aikin.

Ga yadda ake cike rami. A kwashe yashi da ƙurar da ke cikinsa har a tarar da ƙasa mai tauri. A sassare gefensa da diga ya miƙe tsaye, domin ramin da bakinsa ya yi kamar kwano, taya na hawa zai turo cikon waje. A yayyafa ruwa a ƙasan. A zuba burji kaurin santimita 10 zuwa 15, wato faɗin tafin hannu da ɗan ɗori, a yayyafa ruwa, a daɓe. Kafin a daɓe, mutum ya damƙi burjin a hannunsa ya matse. Idan ya buɗe hannu ya ga ya dunƙule bai jiƙa masa tafi ba, ya yi daidai. In ya warwatse, da sauran ruwa, in kuma ya yi caɓi, a bar shi ya sha iska. Haka za a yi ta yi, zubi bisa zubi, har cikon ya ɗan ɗara hanyar tsawo, saboda zai zauna. Wanda ya juye baro uku a rami lokaci ɗaya ya take da ƙafa, kafin sati biyu babura sun tone shi.

Tsakiyar hanya ta fi gefe tudu kaɗan, kamar bayan jaki, don ruwa ya gangara. Sannan a yashe magudanar gefe da bakin kwalbati. Ruwan da ya rasa hanyar wucewa shi ya haƙa ramin tun farko, kuma in ba a buɗe masa ba, ruwan farko na baɗi zai koma inda ya saba.

Idan makaranta ce ko famfo

Buhun siminti mai kilo 50 kusan kwanon sarki biyu ne. Domin daɓen aji ko kewayen famfo, buhu ɗaya na tafiya da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Domin shafe, buhu ɗaya da yashi takwas zuwa goma sha biyu, gwargwadon kyan yashin. Iskar hunturu tana shanye ruwan siminti kafin ya kama, sai ka ga daɓe ya tsattsage cikin kwana uku. Maganinsa a rufe shi da tsofaffin buhuna ko yashi mai laima, a sa yara biyu su riƙa jiƙa shi safe da yamma har kwana bakwai. A rubuta sunayen yaran tun ranar, kada a bar wa "wani zai yi".

Masu hawa rufi su zama kafintoci ne da yaransu kawai, kuma su hau da sassafe kafin iska ta taso, domin kwanon rufi a hannun mutum cikin iska wuƙa ne.

Famfon tuƙa-tuƙa kuwa, abin da samari za su iya shi ne shafa wa sarƙa giris, ɗaure notunan da suka kwance, gyara daɓe, da haƙa ramin da ruwan da ya zube zai riƙa shiga, a cika shi da duwatsu. Ciro bututu da sandunan ciki aikin makaniken famfo ne mai kayan kamawa. In suka kuɓuce suka faɗa ƙasan rijiyar, gyaran roba ɗaya ya koma aikin da sai an nemo ma'aikata daga birni. A biya makanike kuɗinsa daga asusun gayya, ba asara ba ce.

Maƙabarta ba ta da wahalar bayani: a sare ciyawa, a cike kaburburan da damina ta rufta, a toshe inda dabbobi ke shiga. Amma kada a cinna wa ciyawar wuta a wurin. A kwashe ta waje, domin wutar hunturu ba ta tsayawa inda aka ce ta tsaya, ga kuma karan mutane a jibge a gonaki.

Kwanon hatsi daga kowane gida

Ɓangare na biyu na ranar shi ne bayarwa. A ƙauye, cikin kaka, neman hatsi ya fi neman kuɗi sauƙi da albarka. A ɗauki misalin gari mai gida 200. In kowane gida ya ba da kwano biyu, an sami kwano 400, wato buhu goma mai cin kwano arba'in. Mai hali ya ba da dami ko buhu, marar hali ya ba da ƙarfinsa ranar aiki, kuma kada a karanta sunan wanda bai bayar ba a ko'ina.

Wannan sadaka ce, kada a gauraya ta da zakka. Zakkar hatsi tana da nisabinta, sa'i 300, tana da ƙa'idarta, ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ba shi ruwa, kuma Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin ta. Ba a sayen burji da ita, ba a dafa wa 'yan gayya abinci da ita. Wanda ya kawo zakkarsa a tura shi wurin liman ko kwamitin zakka na yankin, ko a rubuta ta a shafi dabam, a zuba ta a buhu dabam.

Shawarar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce kada a rabar da hatsin duka a Disamba. A wannan lokacin ko gidan da ba shi da gona yana ɗan samu, daga kala, daga aikin sussuka, daga kyautar maƙwabta. Yunwar gaske sai Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, hatsi ya yi tsada, ga zazzaɓi ya sauka. A raba kashi ɗaya cikin uku yanzu ga waɗanda ba za su iya jira ba, a adana kashi biyu.

Adanawar tana da sharaɗi. Hatsin ya bushe sarai, in aka ciza ƙwaya ta yi ƙas. Domin tabbatarwa, a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, a sake shanyawa. Wake ya fi komai saurin cin ƙwari, don haka a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, kada a buɗe sai ranar rabo. A ɗora buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu tana fitar da iska mai guba, ba a ajiye hatsin da aka sa wa ita a ɗakin da mutane ke kwana ko a jikinsa. Ɗakin ajiyar a sa masa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin liman, ɗaya wurin ma'aji.

Rabo kuma ba a dandali ake yin sa ba. Kada a jera marayu da zawarawa a rana a gaban jama'a, a ɗora musu buhu a ka, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Alƙur'ani ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma wannan jerin cutarwa ne ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Bayan sallar isha'i, mata biyu na kwamiti su shiga gidan da sallama, yaro ya sauke buhu a zaure ya koma waje. Su zauna a tabarma, su gaisa, su tambayi jikin tsohuwa, sannan ɗaya ta ce, "Inna, ga ɗan saƙo daga mutanen gari, a sa mu a addu'a." Ba sai an ƙara komai a kai ba.

Ranar aiki

Da asuba, bayan sallah, mai shela ya zagaya. Ƙarfe bakwai a hallara, a sha koko da ƙosai, liman ya yi addu'a, a raba mutane goma-goma, kowane rukuni da shugabansa da yankinsa. In garin na da makaɗan noma, a gayyace su. Ganga tana ƙara wa samari ƙarfi fiye da yadda ake zato.

Abincin rana a lissafa kwano ɗaya na shinkafa ga mutum goma zuwa goma sha biyu masu aikin ƙarfi, in an haɗa da wake ya ɗan zarce haka. A raba dahuwar gida huɗu ko biyar, kada a ɗora wa gida ɗaya, kuma a kai musu itace da ruwa tun jajibere. Matan da suka wuni a bakin murhu su ma gayyar suka yi, a ambace su idan an zo godiya. Ruwan sha a tanadi jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane mutum takwas. Sanyin hunturu yana ɓoye ƙishirwa, mutum bai sani ba sai jiri ya ɗebe shi.

A roƙi ma'aikacin lafiya na garin ko 'yan agaji su zauna kusa da akwatin magani, a kuma ajiye mota ko babur da mai a ciki. Masu saran ciyawa su sa takalmi rufaffe, su fara kaɗa ciyawar da sanda saboda kububuwa da kunama. In maciji ya sari mutum, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin da zai tsayar da jini. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo, a wuce asibiti nan take. Wanda tsohon kwano ko ƙusa ta yanka, a wanke da ruwa da sabulu, a kai shi a yi masa allurar tetanos a ranar.

Karramawa da lissafi

Bayan la'asar a taru a ƙofar dagaci. Asalin ranar ta karrama masu hidima ce, don haka ku duba waɗanda suke yi wa gari aiki shekara da shekaru ba albashi: mai haƙa kabari, matar da ke wankan gawa, ladan, ungozomar da ake buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare, saurayin da ya gama karatu yake koyarwa a firamare kyauta, direban da ba ya karɓar kuɗin kai mai naƙuda asibiti. Mutum uku zuwa biyar sun isa a shekara. A ba su abin da zai amfane su, turmin atamfa, yadin shadda, ko rabin buhun hatsi, daga hannun dagaci. A tambaye su tukuna, domin akwai wanda ba ya so a ambaci sunansa don gudun riya, irin wannan a kai masa gida.

Ɗan siyasa ko attajiri da ya kawo gudummawa a karɓa, a gode masa da sunansa cikin jerin masu bayarwa. Amma kada a yarda da hula ko fosta ko tutar jam'iyya a wurin aiki. Da zarar an rataya ɗaya, 'yan ɗaya ɓangaren za su ajiye shebur, kuma su ma 'yan gari ne.

Kuɗi kuwa tun ranar farko mutum uku ke riƙe shi: mai karɓa, mai rubutawa, mai ajiya, kuma kada su fito daga gida ɗaya. Duk abin da aka saya a karɓi rasit, in mai kayan ba shi da rasit ya sa hannu ko ya dangwala a littafi. 'Yan garin da ke Kano ko Legas ko Fatakwal za su so turo nasu ta waya. In ƙungiyar gari tana da asusun banki mai sa hannun mutum biyu, can za a tura. In babu, a tsayar da lambar mutum ɗaya, kuma duk abin da ya shigo a sanar a zauren WhatsApp na 'yan gari a ranar.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sallame, malamin da ke riƙe da littafi ya miƙe ya karanta: an tara naira kaza da kwano kaza, an sayi burji tifa kaza, an biya makanike kaza, an raba buhu kaza, saura buhu kaza a ɗakin ajiya, saura naira kaza a hannun ma'aji. A manna kwafi ɗaya a bangon masallaci, ɗaya a kai wa dagaci, ɗaya a karanta wa mata a Islamiyya. A ƙasan takardar a rubuta watan da za a buɗe ɗakin hatsin, da sunayen mutum biyu da za su sake taka hanyar bayan ruwan farko su duba inda cikon ya zauna.